Papanikolawu, likitan da ya koya wa duniya ganin sankarar bakin mahaifa tun ba ta fito fili ba

Yau mun ɗauko tarihin wani mutum ne da bai taɓa taka ƙasar Nijar ba, ya kuma rasu tun shekarar 1962, amma aikin da ya bari ya shafi kowace mace, daga mai rumfar atamfa har mai kasa albasa a bakin hanya. Sunansa Jorj Papanikolawu, mutumin ƙasar Girka. Sunan ya yi wa baki tsawo, shi ya sa likitoci suka gutsure shi suka bar Pap, kuma da wannan guntun suna ake kiran gwajin da ake yi wa mata don gano sankarar bakin mahaifa. A asibitocinmu, inda Faransanci ke aiki, za ku ji ungozoma ta ce frottis. Abu ɗaya ne.

Ba ƙaramin ciwo muke magana a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 suka kamu da shi, kimanin 350,000 kuma suka mutu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe marasa ƙarfi suke. A nan Nijar, in aka cire sankarar nono, ita ce ta fi kama mata. Muguntarta ita ce shiru. Takan yi shekaru tana ginuwa mace ba ta jin komai, tana zuwa kasuwarta, tana dakanta, sai ranar da jini ya fara zuwa ba lokacinsa ba, kuma sau da yawa a lokacin ta riga ta yi nisa.

An haifi Papanikolawu ranar 13 ga Mayu 1883 a Kimi, wani ƙaramin gari na bakin teku a tsibirin Ebiya. Mahaifinsa Nikolas likita ne, ya kuma riƙe magajin garin. Yaron ya tashi da son kiɗa da harsuna, ya iya goge irin na Turawa, amma uban ya fi son ya gaje shi. Yana ɗan shekara 15 ya shiga jami'ar Atina, ya fito da takardar likita a 1904. Ya yi aikin soja, ya koma garinsu, inda ya riƙa duba kutaren da aka ware a bayan gari ba mai kula da su. Sai dai zama a ɗakin duba marasa lafiya bai kwanta masa ba. Shi bincike yake so. A 1907 ya tafi Jamus, ya zauna a Munik yana nazarin wasu ƴan ƙananan halittun ruwa, irin waɗanda ake gani suna tsalle a cikin tafki, yana neman sanin abin da ke sa wani ya fito namiji wata ta fito mace. Da wannan ya samu digirin dakta a 1910.

A wannan shekarar ya auri Andromaki Mabrogeni, ɗiyar wani hafsan soja, wadda daga baya kowa ya sani da suna Meri. Ku riƙe sunanta, don rabin labarin nata ne.

Ya ɗan yi aiki a Monako, har ya bi jirgin ruwan bincike na Yarima Albert a 1911. Da yaƙin Balkan ya ɓarke a 1912 aka kira shi ya yi likitan soja, kuma a can ya haɗu da Girkawa ƴan ci-rani da suka dawo daga Amurka suna ba da labarin ƙasar. Mu da muka san yadda labarin Abijan ko Libiya ke ɗauke samarin Adar, ba sai an yi mana bayani ba. Ranar 19 ga Oktoba 1913 shi da Meri suka sauka Niyok, da kuɗin da bai wuce dalar Amurka 250 da ɗan kai ba, kuma ba su iya Ingilishi ba.

To, ga mai digiri biyu, amma ba aiki. Meri ta samu ɗinkin maɓallai a babban kantin Gimbels, ana biyanta dala 5 a mako. Shi kuma aka sa shi sayar da darduma a kantin, bai jima ba ya bari. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, kuma ƴan kasuwa sun san ba kowa take karɓa ba. Ya riƙa goga gogensa a gidajen abinci, yana ɗan rubutu a wata jaridar Girkawa mai suna Atlantis, har a 1914 ya samu shiga asibitin Niyok da sashen nazarin jikin ɗan Adam na makarantar likitoci ta Cornell, ƙarƙashin wani malami Charles Stockard. A nan zai yi shekara 47. Ba a daɗe ba Meri ta bar kanti ta bi shi ɗakin gwaje-gwaje tana shirya masa kayan aiki, kuma ba a biyanta ko sisi.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne ba sankara ya fita nema ba. Da ɓeran masar ya fara. Yana bukatar ƙwan macen a daidai lokacin da ya nuna, amma ita wannan dabba ba a ganin jinin al'adarta, don haka sai an yanka da yawa kafin a dace da guda. Sai ya yi tunani cewa tunda kowace macen dabba mai shayarwa tana da zagayen lokacinta, dole a samu wata alama ko da ido ba ya gani. Ya sayo ɗan ƙarfen da likitoci ke buɗa hanci da shi, ya riƙa lakato ɗan ruwa daga gaban dabbar kullum, ya shafa a fallen gilashi, ya duba a madubin nan na likita mai ƙara girman abu. Sai ga shi ƙwayoyin da ke cikin ruwan suna sauya kama daga rana zuwa rana, suna zagayowa duk bayan kwana 15 zuwa 16. Shi da Stockard suka buga wannan a 1917.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wanda ya gane wannan ya gane gwajin baki ɗaya. Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina katanga da tubali. Kowace ƙwaya tana da ƙwallo a tsakiya, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. Fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa kullum tana zubar da tsofaffin ƙwayoyinta tana yin sababbi, kamar yadda ɓawon albasa ke saɓulewa a cikin buhu. Mai saye da ya ƙware, in ya zura hannu ya ɗebo ɓawon da ya zuba, zai iya sanin ko akwai ruɓa a ciki ba tare da ya farke buhun ba. Haka Papanikolawu ya yi. Maimakon a yanki nama, sai a duba abin da jiki ya zubar da kansa.

Daga wajen 1920 ya juya kan mutane. Amma shi ba likitan mata ba ne, ba shi da majinyata, wa zai ba shi abin dubawa? Meri ce. Shekara 21 tana ba da samfuri kusan kullum, har ta shawo kan wasu ƙawayenta su ma suka bayar. Mu dai a ganinmu, duk inda aka rataya hoton mijin ya kamata a rataya nata a gefensa. Da samfurorinta ya san yadda lafiyayyar ƙwaya take a kowace rana ta wata, kuma sai ka san mai lafiya kake gane marar lafiya. A 1925 ya samu damar duba matan wani asibitin mata na Niyok, kuma a cikinsu akwai masu sankara. A kan gilashi ƙwayoyinsu suka fita daban: ƙwallon tsakiyar ya kumbura, ya yi duhu, gefensa ya karkace, ya cinye wurin da ba nasa ba.

A watan Janairu 1928 ya kai wannan labari wani taro a garin Battle Creek na jihar Mishigan. Wurin bai dace ba tun farko, don taro ne na masu aƙidar nan ta tace jinsin ɗan Adam, wadda duniya ta yi watsi da ita daga baya. Manyan masana cututtuka na lokacin, cikinsu har da James Ewing wanda ake ji da shi a fannin sankara, ba su ga amfanin abin ba. Hujjarsu ita ce bakin mahaifa wuri ne da likita ke iya gani, ya yanki ɗan nama ya auna, to me ya kai mutum ɓata sa'o'i yana laluben ƙwayoyi? Abin da suka kasa hange shi ne, ba a yankar naman mace sai an ga wani abu a wurin, shi kuwa shafawa a gilashi ana iya yi wa mace lafiyayya wadda ba ta da ƙorafin komai.

Gaskiya ta sa mu faɗi cewa ba shi kaɗai ya hango hanyar ba. Wani likitan Romaniya, Aurel Babes, ya gabatar da irin wannan a Bukares a 1927, ya kuma buga da Faransanci a 1928, ko da yake yadda yake ɗibar samfurin da yadda yake rina shi sun bambanta. Har yau a Romaniya sunayen mutanen biyu ake haɗawa a kira gwajin.

Papanikolawu ya karaya. Ya ajiye maganar sankara kusan shekara goma ya koma wani bincike. Sai a 1939 da aka naɗa sabon shugaban sashe, Joseph Hinsey, wanda ya duba tsohon aikin ya ce a koma kansa. Aka haɗa shi da wani likitan mata, Herbert Traut, aka shiga ɗibar samfurin matan da aka kwantar a sashen mata na asibitin Niyok. A 1941 suka buga sakamako, a 1943 kuma suka fitar da littafin da ya sauya tunanin likitoci. Sun nuna cewa gilashin yana kama sankara a jikin matan da ido bai ga komai a bakin mahaifarsu ba. Hotunan ƙwayoyin da ke littafin wani mai zane ɗan Japan ne, Hashime Murayama, ya zana su da hannu, alhali a shekarun yaƙin hukumomin Amurka sun tsare shi saboda asalinsa.

Akwai wani ɓangare na aikin da masu marina za su fi kowa fahimta. Ƙwayar jiki ba ta da launi, in ba a rina ta ba ba a ganin komai. A 1942 Papanikolawu ya fitar da haɗin rini nasa. Da farko a tsoma gilashin a alkol tun samfurin bai bushe ba, don ƙwayoyin su tsaya yadda suke. Sannan a bi da shi cikin rini kala-kala: ɗaya ya kama ƙwallon tsakiya ya mai da shi shuɗi mai duhu kamar an tsoma a baba, sauran su ba jikin ƙwayar ruwan lemo, ko ja-ja, ko kore-kore, gwargwadon tsufarta. Kuma rinin ba ya toshe haske, ana hango ƙwaya ko da wata ta hau kan wata. Fiye da shekara 80 ke nan, ɗakunan gwaje-gwaje na duniya suna aiki da wannan haɗi. A 1947 wani likitan Kanada, Ernest Ayre, ya ƙara da ɗan katako mai kama da ƙaramar muciya, wanda ake karto ƙwayoyin da shi daga bakin mahaifar kai tsaye.

Daga nan abin ya bazu. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta kira babban taro a Boston a 1948, aka shiga horar da masu karanta gilashi. Sankarar bakin mahaifa, wadda a da tana cikin manyan masu kashe matan Amurka, mace-macenta suka ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1955 da 1992. Ba sabon magani aka samu ba, ganin ciwon da wuri ne kawai.

Papanikolawu ya rasu bai san abin da ke haddasa ciwon ba. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya nuna a 1983 da 1984 cewa ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, musamman iri na 16 da na 18, waɗanda su biyun ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. An ba shi lambar Nobel a 2008. Ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, kuma ta yawaita har mafi yawan mutane, maza da mata, sukan gamu da ita a rayuwarsu ba su sani ba. Muna jaddada wannan saboda bakin mutane: macen da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, don haka ba abin zargi ba ne. Galibi jiki kan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. A jikin wasu takan zauna, ta riƙa lalata ƙwayoyin bakin mahaifa sannu a hankali, sai bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya zama sankara. Ga mai ɗauke da ƙwayar sida lokacin ya fi gajarta, haɗarinta kuma ya ninka kusan sau 6. Waɗannan shekaru na tsakani su ne gwajin Pap ke cin moriya.

To me ya sa abin da ya yi aiki a can tun zamanin kakanninmu bai kai ga matan kwarin Majiya da na Tarka ba? Gwajin yana da sauƙi a wajen mace, minti kaɗan ne, amma yana da nauyi a bayan fage. Sai da rini, sai da madubi, sai da ƙwararren da zai zauna ya karanta dubban ƙwayoyi a gilashi guda, kuma irin waɗannan ƙwararru kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu a Yamai. Daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne. Sannan sai mace ta dawo karɓar sakamako, in an ga wani abu ta sake dawowa. Wadda ta bar kayanta ranar kasuwa ta biya kuɗin mota daga wani ƙauyen Keita sau ɗaya, da wuya ta yi na biyu da na uku alhali ba ta jin ciwon komai.

Shi ya sa aka nemo gajeruwar hanya. Ungozomar asibiti da aka horar takan shafa ruwan binega mai sauƙi, irin wanda ake zubawa a salat, a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya. Wurin da ƙwayoyi suka fara lalacewa sai ya yi fari. In ƙarami ne ana iya kashe shi a ranar, da sanyi ko da zafin wata ƴar na'ura, ba tiyata. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata kimanin 150,000, aka ga wannan hanya ta rage mace-mace da kashi 31 cikin 100. Amma a kula, wannan aikin asibiti ne, ba abin da mace za ta gwada a ɗakinta ba. Yanzu kuma akwai gwajin da ke neman ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so, ga mata daga shekara 30, ga masu sida daga 25. Akwai kuma allurar rigakafi tun 2006, ta ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, wadda maƙwabtanmu na Najeriya suka shigar cikin rigakafin ƙasa a watan Oktoba 2023.

Duk macen da ta ga jini tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe da turare. Ta je asibitin gunduma ko cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Tawa a duba ta. Wadda ba ta ga komai ba kuma, in ta kai talatin, ta tambayi ungozoma inda ake gwajin, don ita aka yi wa shi. Maza kuma, mun san sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunku suke. Tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin sankara da na'ura, abin da a da sai an fita waje, amma duk wanda ya taɓa jinyar mai sankara a Yamai ya san abin da take ci na jari da na rai.

Shi kuwa mai aikin, girma ya zo masa a makare. An ba shi lambar Lasker a 1950, ya fitar da babban kundin hotunan ƙwayoyi a 1954, an sha gabatar da sunansa don Nobel amma ba a ba shi ba. Mutum ne da ba ya son hutu, har ranakun ƙarshen mako yana kan madubinsa, Meri ce ke tuƙa shi zuwa aiki ta kuma riƙe gida. Ba su haihu ba. Burinsa na ƙarshe shi ne ya ga cibiya tasa ta horar da masu karanta gilashi, kuma a ƙarshen 1961, yana da shekara 78, ya tattara ya koma Mayami don ya shugabanci wata cibiyar binciken sankara. Wata uku kawai ya yi. Ranar 19 ga Fabrairu 1962 ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka binne shi a jihar Niyu Jasi, aka kuma sa wa cibiyar sunansa.

Amurka ta buga hotonsa a kan tambarin wasiƙa a 1978. Girka ta sa fuskarsa a takardar kuɗinta mafi girma, ta dirakma 10,000, daga 1995 har zuwa lokacin da kuɗin yuro ya maye gurbinta a 2002. Meri ta zauna a Mayami tana taimakon cibiyar har ta rasu a watan Oktoba 1982, shekara 20 bayan mijinta.